Kwaɗon da Auta Yake Sabuntawa

Litinin, 3 ga wata, 8:20 na safe

Kwaɗon ya tafi.

Na buɗe shago, na kunna kwamfutar da ke kan kanta don in ga waɗanda suka kama layin gwajin ido na yau, sai burauza, manhajar shiga intanet, ta tare ni da jan gargaɗi. Wai haɗin nan ba shi da tsaro, wai mai yiwuwa ɓarayi na neman sace bayanaina, in koma baya. Shafin shagonmu fa! Shagon tabarau na ubana, inda na yi rarrafe a ƙarƙashin wannan kantar. Yau ni ake ja wa kunne a kansa.

Na kashe na kunna har sau uku, alhali na san ba laifin kwamfutar ba ne. Takardar shaidar tsaron shafin ta ƙare jiya Lahadi, kuma Auta bai sabunta ta ba.

Litinin, 1:00 na rana

Har yanzu.

Talata, 4 ga wata, 10:40 na safe

Bari in rubuta shi sau ɗaya, tunda ba ni da wanda zan gaya wa.

Auta ƙanena ne, shi ya haɗa mana shafin nan shekara biyar da suka wuce. A can mutane suke zaɓar rana da lokaci, su rubuta sunansu da abin da ke damun idonsu. Ranar da ya gama, ya zaunar da ni a wannan kujerar, ya nuna mini ɗan ƙaramin kwaɗon da ke gefen adireshi. Ya ce, "Yaya, in ba ki ga wannan ba, ko sunanki kada ki rubuta. Ko da shafin Baba ne." Ya nuna mini yadda zan danna shi in ga ranar da takardar za ta ƙare. Kwana casa'in take yi, sai a sabunta.

Bayan shekara ɗaya aka yi abin da aka yi a falo, shi da Baba. Ba zan rubuta shi ba. Ya fita da jaka ɗaya, ya canza lamba, kuma daga ranar Baba bai sake kama sunansa ba.

Wata biyu da tafiyarsa na danna kwaɗon nan don kewa kawai, sai na ga ranar ta matsa gaba. Daga duk inda yake, ya shiga ya sabunta. Na yi kuka a kan kanta har wani mai sayen firem ɗin tabarau ya ɗauka farashin ne ya ba ni tausayi.

Tun daga nan, duk wata uku, kwana biyar ko shida kafin ta ƙare, sai ranar ta matsa. Sau goma sha shida ke nan. Ba kira, ba saƙo, amma na san yaron yana da rai, yatsunsa suna aiki, kuma ya tuna da mu. Ni kaɗai na san wannan wasiƙar.

Wannan karon kwana shidan suka zo suka wuce ina kallo.

Talata, 4:30 na yamma

Na gaya wa Baba shafi ya samu matsala. Yana goge gilashin na'urar gwaji, bai juyo ba. Ya ce, "Tun yaushe?" Na ce tun Lahadi. Ya ce, "A bar shi."

Ka ji Baba. Mutumin da in firem ɗaya ya karkace a kan kanta sai ya yi mini huɗubar rabin awa. Amma da yake abin hannun Auta ne, ko ya ruɓe, a bar shi. Zuciyar tsohon nan ko dutse albarka.

Ni ma dai hakan nake so, don haka ban yi musu ba.

Alhamis, 6 ga wata, 9:15 na safe

Mutum biyu kacal yau, su ma don sun saba zuwa da ƙafa ne. Da muna ganin goma sha biyu.

A can ƙasan jan shafin akwai wani ɗan rubutu da ke cewa a ci gaba duk da haka. Na kai linzamin kwamfuta kansa, na tsaya. Na san shafinmu ne, na san babu ɓarawo, takarda ce kawai ta tsufa. Amma sai na ji muryar Auta: ko da shafin Baba ne. Na janye hannuna kamar na taɓa murhu.

Ko na shiga ma me zan gani? Ba wanda ya kama layi.

Juma'a, 7 ga wata, 3:00 na rana

Sanyi ya fara shigowa. Ba na son sanyi. Tun Auta yana ƙarami, da iska ta juya sai ciwon gaɓoɓin nan nasa ya tashi, ya naɗe a gado yana cizon matashi don kada Mama ta ji. Ni nake dafa ruwa ina gasa masa gwiwoyi. Mama ta rasu, ni ina nan, to wa yake dafa ruwan?

Ban ce shi ne ba. Sanyi kawai na ce.

Lahadi, 9 ga wata, 11:00 na safe

Maigida ya lura. Muna shan shayi ya ce, "Ke dai kwana biyu kamar wadda aka aiko wa da sammaci." Na ce shafin shago ne. Ya yi dariya. "Shafi? To ba ga mai gyaran kwamfuta nan a saman benenku ba? Matakala goma sha biyar ce fa, ba tafiyar jirgi ba."

Na ce sai da kalmar sirri. Ya ce, "Ba Auta ya bar miki ambulan ba?"

Na manta na taɓa gaya masa. Daren da zai tafi, Auta ya sa farin ambulan a aljihun kanta, ƙarƙashin tsummokin goge gilashi. A bayansa ya rubuta: Yaya, sai in ta ɓaci. Shekara huɗu ina ɗaga tsummoki ina mayarwa, ban buɗe ba.

Na ce wa Maigida ba ta ɓaci ba tukuna. Ya dube ni, ya ajiye kofinsa, ya tashi. Wannan kallon nasa ya fi mini zagi ciwo.

Litinin, 10 ga wata, 8:10 na safe

Ja.

Talata, 11 ga wata, 8:05 na safe

Ja.

Talata, 2:20 na rana

Wani ya bugo wayar shago yana faɗa. Wai ya ji an yi mana kutse, an kwashe bayanan marasa lafiya, shi a goge sunansa yanzu-yanzu. Na yi masa bayani cewa takarda ce ta ƙare, kamar lasisin mota, ba a saci komai ba. Ya ce, "To ku sabunta mana! Ko shagon ya mutu ne?" Na ce ana nan ana yi. Ƙarya ta farko ke nan da na yi a kan wannan kantar, kuma ta fito mini da sauƙi har na tsorata.

Alhamis, 13 ga wata, 5:00 na yamma

Na nemo lambar Dogo, abokin Auta na makaranta. Na daɗe ina da ita, kunya ce ta hana ni. Ya gaishe ni da ladabi, Yaya kaza, Yaya kaza, ya yara, ya Baba. Da na kawo zancen sai muryarsa ta koma ciki. Ya ce rabonsa da shi tun farkon shekara. Ya ce lokacin dai ya ɗan rame, amma ai kin san shi, ba ya cin abinci. Ya ce zai tambaya.

Na ce, "Dogo, kada ka rufe ni."

Ya ce, "Wallahi Yaya, da na sani da na faɗa." Sai ya ƙara da cewa, "Kin dai gwada asibitoci?"

Asibitocin wane gari?

Asabar, 15 ga wata, 12:30 na rana

Na leƙa ɗakin gwaji na tarar da Baba ya kafa wa wayarsa gilashin ƙara girma, hancinsa kusan yana taɓa ta. Yana jin motsina ya kifa ta a cinya. Wanzami ba ya son jarfa: shekara arba'in yana auna idon mutane, nasa ya ƙi yarda a auna. Na ce, "Baba, ka zauna in gwada ka mana." Ya ce idonsa lafiya lau, rubutun zamani ne ya ƙanƙance.

Ya tambaye ni yau nawa ga wata. Na faɗa masa. Jiya ma ya tambaya.

Tsufa ne, ina jin. Wannan ma wani abin tsoron ne, amma ba ni da wurin ajiye shi yanzu.

Litinin, 17 ga wata, 8:15 na safe

Mako biyu.

Na ƙirga wa Auta uzurori a bayan wata takardar rasit. Ya manta. Kwamfutarsa ta lalace. Ya yi tafiya inda babu intanet. Ya yi aure, amarya ta ɗauke masa hankali. Ya gaji da mu.

Na ƙarshen nan na fi so. Allah ya sa ya gaji da mu ne. Allah ya sa yana can yana cin abinci yana ƙiba, ya ce su ƙarata. Zan yafe masa kafin ya roƙa.

Laraba, 19 ga wata, 4:00 na yamma

Ba kowa yau. Na goge firem ɗari da tara, na sake jera su daga baƙi zuwa ruwan zuma. Baba ya zauna a ɗakin gwaji, fitilar allon haruffa a kunne, yana kallon babban harafin sama shi kaɗai.

Na ce masa ko in kira mai gyara ta sama. Gwada shi kawai nake yi. Ya ce, "Na ce a bar shi." Da ƙarfi, har ya yi tari.

Girman kai zai rufe shagon nan. Nasa da na ɗansa, ai gado ne.

Juma'a, 21 ga wata, 9:00 na safe

Dogo ya turo saƙo: Yaya, ban samu komai ba tukuna.

Tukuna. Na riƙe wannan kalmar duk yini.

Litinin, 24 ga wata, 11:50 na safe

Malama ta zo. Tsohuwar malamar lissafi ce mai ritaya, tana da hawan jinin ido, duk wata Baba yake auna mata ya ce ta ci gaba da ɗigon maganinta ko ta koma asibiti. Ranar huɗu ga wata ya kamata ta zo. Jikarta ce ta riƙo hannunta yau, abin da ba a taɓa yi ba.

Na ce, "Malama, ina kika shiga?"

Ta ce, "'Yata, kullum sai na buɗe shafinku, ya ce in koma baya. Yarana sun hana ni danna abin da aka ce kada a danna. Ni kuma ba na zuwa wurin mutane ba da alƙawari ba, shekara talatin ina hukunta masu yin haka. Na ce bari in jira ku gyara."

Baba ya daɗe da ita a ciki. Da suka fito ya rubuta mata takarda zuwa asibiti, ya ce yau, ba gobe ba. Idon hagun ya riga ya rufe daga gefe, kuma irin wannan in ya tafi ba ya dawowa. Shi ya faɗa mini bayan sun fita, a tsaye, yana kallon ƙasa.

Tana fita ma sai da ta yi mini godiya.

Ni na yi wannan. Ba burauza ba, ba Auta ba. Na zauna ina gadin wasiƙata, matar nan tana makancewa a gida cikin ladabi.

Litinin, 6:10 na yamma

Na ɗaga tsummokin. Na mayar.

Talata, 25 ga wata, 7:30 na safe

Ta ɓaci.

Takarda ɗaya ce a ciki. Adireshin inda shafin yake zaune, sunan shiga, kalmar sirri. Na juya bayanta, na leƙa cikin ambulan, na ɗaga shi a hasken taga kamar mai duba jabun kuɗi. Ko gaisuwa babu. Rubutun nan nasa mai kwanciya gefe kamar kaza ta yi tonon ƙasa.

Ban gaya wa Baba ba. Zai ce a bar shi, ni kuma na gama bari.

Talata, 1:40 na rana

Matakala goma sha bakwai ce, Maigida bai iya ƙirga ba.

Mai gyara mace ce mai fara'a, tabaraun da ke fuskarta ma a wurinmu ta saya. Ta karɓi takardar ta ce, "Maƙwabciya, ai da kin zo tun ranar farko. Wannan aikin minti biyar ne." Ta shiga, ta danna nan ta danna can, sai ta tsaya ta matso da fuskarta.

Ta ce, "Ikon Allah. Wa yake kula muku da shafin nan?"

Na ce wani ne.

Ta ce, "Wanin nan ya san aikinsa, komai tsaf. Amma dubi nan. Takardar nan tana iya sabunta kanta, haka ma take zuwa. Shi ya shiga ya kashe da hannunsa, shekara huɗu da suka wuce. Ya zaɓi ya riƙa zuwa duk wata uku yana yi da kansa. Wa zai ɗora wa kansa wannan wahalar?"

Na ce ban sani ba. Na kama gefen teburinta.

Ashe ya sani. Ashe ya san ina dubawa.

Na tambaye ta ko ana ganin ranar da ya shiga ta ƙarshe. Ta nuna mini. Ranar sabuntawa ta goma sha shida ce, wata uku da rabi ke nan. Bayan ita babu komai, ko ƙoƙarin shiga babu.

Kafin in dawo hayyacina ta ce, "Shi ke nan, na sabunta, na kuma kunna wa shafin ya riƙa yi da kansa. Har abada ba za ki sake ganin jan shafin nan ba. Bari in canza kalmar sirrin ma, ta tsufa." Na ce a'a da ƙarfi, har sai da ta firgita. Na ce ta bar ta yadda take.

Ta ƙi karɓar komai, wai in gyara mata ƙafar tabarau wata rana.

Talata, 3:15 na rana

Kwaɗon ya dawo. Na danna, ranar ta matsa gaba.

Ban taɓa ganin abu mai kyau da ya yi mini muni haka ba. In yana raye ya duba, zai ga mun buɗe ambulan, mun samu wani, ba ma bukatarsa. In kuma ba ya dubawa...

Gobe zan hau in ce ta kashe wancan abin. Ta bar wannan kwana casa'in ɗin, ta mayar da shi na hannu. In lokaci ya yi ban ga ya taɓa ba, ni zan sa a sabunta a ranar ƙarshe, don kada a sake yin ta Malama. Aƙalla dai in bar masa kwana biyar ɗinsa.

Laraba, 26 ga wata, 8:00 na safe

Mutum huɗu sun kama layi cikin dare. Zan hau sama da zarar ta buɗe, ƙarfe goma.

Laraba, 12:45 na rana

Ban hau ba.

Ƙarfe tara da rabi Baba ya kira ni daga ɗakin gwaji. Ba irin kiran da ya saba ba, na "zo ki ɗauke wannan". Na shiga na same shi a tsaye, waya a hannu ɗaya, gilashin ƙara girma a ɗayan.

Ya ce, "Rufe ƙofa." Na rufe.

Ya ce, "Ya sabunta."

Na ce, "Baba?"

Ya ce, "Auta. Ya sabunta. Zo ki gani."

Shekara huɗu ban ji sunan nan a bakinsa ba. Ya fito da ƙyar, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba.

Ya jawo aljihun teburinsa ya ɗauko ɗan katin nan na gwajin karatu, mai ƙananan haruffa, ya juya bayansa. Ranaku ne a jere da rubutunsa, guda goma sha shida. Na san kowace ɗaya.

Ya ce, "Ina bayan labulen nan ranar da yake koya miki. Kun ɗauka ba na ji." Ya zauna a kujerar marasa lafiya. "Mako uku ban yi barci ba. Na ce shi ke nan, na kashe ɗana da bakina. Kina ta cewa a kira mai gyara, ni kuma ina cewa in wani ya taɓa, ta ina zan sani?" Ya share fuskarsa da hannun riga. "Ciwon ne ya kwantar da shi, na sani, sanyin nan ne. Amma ya tashi. Kin ga ya tashi."

Ambulan ɗin yana cikin jakata, a yage, taku biyar daga inda yake zaune.

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Sai ya yi dariya, irin wadda rabona da ita tun Mama tana da rai, ya ce, "Ɗan banza, sai da ya makara. Halinsa ne, ko haihuwarsa sai da ya ƙara kwana goma."

Na ce, "Halinsa ne, Baba."

Alhamis, 27 ga wata, 5:30 na yamma

Mutum tara yau. Baba ya ci abincin rana har ya nemi ƙari. Ya ce in auna masa ido ranar Asabar, wai yana so ya riƙa ganin ƙananan rubutu da kyau.

Jikar Malama ta bugo. An fara mata sabon magani, za a ceci na dama.

Dogo bai sake turo komai ba.

Mai gyara ta sauko da tabaraunta, na ɗaure mata ƙafar. Ta ce, "Shafi lafiya?" Na ce lafiya. Na roƙe ta kada ta yi zancen a gaban Baba, wai ba ya son a san mun nemi taimako. Ta ce ai ta san halin tsofaffi. Ban ce ta kashe komai ba. In ta kashe, wata uku masu zuwa sai in tsaya in kalli tsohon nan yana ƙirga kwanaki. In ta bari, zai riƙa samun wasiƙarsa a kan lokaci, daga injin da bai san sunan kowa ba, har ranar da ɗayanmu ya bar duniya.

Ni ce dai ba ni da wasiƙa kuma.

Juma'a, 28 ga wata, 8:25 na safe

Ya fito da katin da biro, ya tsaya a gaban kanta. Ya ce rubutun wayar ya yi masa ƙanana, in karanta masa sabuwar ranar.

Na danna kwaɗon na karanta masa. Ya rubuta ta a layi na goma sha bakwai, a hankali, ya hura tawadar ta bushe.